Kiran Ɗan Fari

Muryar kowa a gidan hayar nan na Gyaɗi-Gyaɗi tana bakin yaron, ban da ta uwar da ta haife shi.

Da hantsi zai zauna a gindin famfon tsakar gida, ya jera marafan kwalba a kan siminti, sannan ya buɗe baki. Sai ka ji mai tallan kananzir, alhali ba wanda ya shigo. Sai ka ji Maman Tobi, Bayarabiyar da ke ɗakin bakin ƙofa, tana yi wa ɗanta tsawa ya sa takalmi, alhali tuni ta tafi shagonta a kasuwar Tarauni. Daga nan mai karanta labarai a rediyo ya karɓa, da kaurin muryarsa da komai, yana shelar soja sun koma bariki, talaka ya gyara zama zai sha romon dimokuraɗiyya. In ya gama da masu rai sai ya koma kan Inna, kakarsa da ta rasu da azumin da ya wuce, ya ce da 'yar muryarta mai rawa, "Maigidana, zo ka ci tuwo." Ranar da uban, Rabi'u, ya fara jin mahaifiyarsa tana magana daga gindin famfo, sai da buta ta suɓuce masa.

Rediyo yaran layin suke ce masa. Bai cika shekara goma ba, ba ya kallon idon mutum, ba ya yarda a riƙe masa hannu, kuma duk wannan surutun babu kalma ɗaya tasa a ciki. In ka tambaye shi ko yana jin yunwa, tambayarka zai mayar maka, da muryarka.

Uwar, Husaina, takan kasa kunne tana wanke-wanke, ta yi kamar hankalinta na kan tukunya. Ai ita ma ba bebiya ba ce. Tana yi wa ƙanwarsa Hadiza faɗa, tana ciniki da mai itace, tana dariya in abin dariya ya zo. Amma ko tarinta yaron nan bai taɓa ɗauka ba. Abin yana ci mata rai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

To, ita ɗin ma ba ta taɓa ce masa ci kanka ba. Ɗan fari ne. A ƙauyensu, can ta wajen Sumaila, mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ga shi kuma sunan surukinta aka mayar masa, marigayi mahaifin Rabi'u. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Shi uban, Baba yake ce masa. Inna, da ba za ta kama sunan mijinta ba, ta mai da shi Maigidana, kuma ana yaye shi ta ɗauke abinta, bai dawo hannun uwarsa ba sai da aka yi sadakar arba'in ɗinta. Sunan yanka kuwa, Abdulmalik, tun ranar da liman ya raɗa shi maroƙi ya yi shela, babu wanda ya sake ɗaga shi a dangi. In Husaina ta zuba abinci, Hadiza take aika: "Ce wa yayanki ga tuwo nan."

Ranar da abin ya ɓaci, motar masu tallan maganin gargajiya ce ta bi ta layin da lasifika a ka. Husaina ta shiga ɗaki ɗauko sabulu, ta fito ta tarar da marafan kwalba a jere, babu mai su. A tsakiyar titin Zariya aka same shi, yana maimaita tallan maganin basir kalma da kalma. Wata tirela ta taka birki har taya na hayaƙi, ɗan acaɓa ya zubar da fasinjansa a kwata, mutane suka taru ana ta ɗura wa iyayen yaron ashar. Husaina ta iso ba takalmi, ta tsaya a bakin kwalta baki buɗe, ta rasa da me za ta kira shi. Wani mai faci ne ya shiga ya sunkuto shi, yaron na tsala ihu don an taɓa shi.

Rabi'u direban bas ne, Kano zuwa Zariya, ba ya ganin gida sai magariba. Tun a bakin layi aka fesa masa. Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Bayan 'yan kwanaki yana cin tuwo ya ce ya aika wa yayansa Sani a ƙauye, in wata ya mutu zai zo ya tafi da yaron gidan wani malami mai mari, a ɗaure shi a yi masa rubutu.

"Gidan mari, Malam?"

"To ya kike so in yi? Ni ina kan hanya. Ke kuma ko a gaban mota yake ba za ki iya kiran sa ba. Gara ɗaurarre da gawa."

Husaina ta tattara kwanuka. Ta san mari, ba labari aka ba ta ba. Tana ƙarama akwai ƙanin mahaifiyarta, Kawu Lawan, dogo mai manyan kunnuwa, ga gemu amma da yara yake wasa. Shi ne ya kwance awakin maƙwabta don ya ga suna kuka, suka yi ɓarna a gonar mai gari, aka kai shi gidan mari. Da ya dawo ya daina dariya. Ƙarfen ya ci idon sawunsa, kuma har ya mutu gajeren taku yake yi, kamar marin na nan.

Maman Tobi ce ta zo da labarin wata mafita. Sunanta Titilayo, ta girmi Husaina nesa ba kusa ba, kuma ta daɗe a Kano har tana yi wa 'yan ƙauye gyaran Hausa. Da farkon zamansu Maman Baba take ce wa Husaina, ta ga ba a amsa mata, ta koma Maman Hadiza.

"Maman Hadiza, ajiye tsintsiyar nan ki ji. Tun da soja suka sauka Turawa sun saki bakin aljihu. Wasu likitocin jami'a sun samu kuɗin bincike a kan yara irin Baba. Sun kama gida a nan Tarauni, bayan kasuwa. Safe zuwa la'asar yaro na can, ko sisi ba za ki biya ba."

"Asibiti ne?"

"Kamar asibiti."

"Magani suke bayarwa?"

"A'a, koyarwa suke yi."

"Makaranta ce ke nan."

"Kamar makaranta. Ke, bincike aka ce miki!"

"Me ya ɓata da ake bincike?"

Maman Tobi ta yi tsaki. "Ni dai na ga katanga doguwa, na ga ƙofar ƙarfe, na ga maigadi a zaune. Yaro ba ya fita sai uwarsa ta zo."

A duk bayanin, katangar nan da maigadin ne suka shiga kunnen Husaina. Rabi'u ya ce me Bature zai bincika a jikin ɗan direba, ya ce shi bai yarda da kyautar da ba a roƙa ba, ya ce abubuwa da yawa. Amma ranar Litinin ya ba wani aron motarsa, ya sa hularsa ta Juma'a ya shiga gaba. Husaina ta bi shi a baya, yaron riƙe da bakin mayafinta. Haka Inna ta koya masa tafiya, tun da hannu ba ya riƙuwa.

Gidan yana nan yadda aka faɗa, har da fastocin 'yan takarar da aka gama zaɓensu suna ɓantarewa a jikin katangar. A ciki wasu yara na zaune a kan tabarma da malama, wani na kaɗa hannuwa, wani ya toshe kunne. Babu wanda aka ɗaure, Husaina ta duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Likitar da ta karɓe su Dakta Adaora ce, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Kano, Hausarta har ta fi ta Husaina gudu. Ta ba yaron kwalin tubalan roba, ya yi kusurwa da su ya fara jerawa, sannan ta ɗauki biro.

"Ya sunan yaron?"

Husaina ta dubi ƙasa. Rabi'u ya gyara murya. "Baba."

"Sunan yanka nake nufi."

"Sunan mahaifina ne."

"To, ya sunan mahaifin naka?"

Rabi'u ya dubi matarsa, ya dubi silin, sannan ya zaro lasin ɗinsa na tuƙi ya tura mata, babban yatsansa a ƙarƙashin suna na biyu. Likita ta duba ta rubuta, ba ta karanta a fili ba. Ta juya ga Husaina.

"Malama, in kin kira shi yana waiwayowa?"

"Ba na kiran sa."

"Ko sau ɗaya?"

"Ɗan fari ne, Likita."

Dakta Adaora ta ajiye biron. "Wallahi na ɗauka an daina wannan."

"A birni ƙila."

Sai likitar ta shiga bayani, kuma ta yi iya ƙoƙarinta, ba a ce ba ta yi ba. Ta ce wasu yaran abin da ke damun su a asibiti otizim ake ce masa, Hausa ba ta gama raɗa masa suna ba. Wasu kuma raunin fahimta ne da ke bin jini a dangi, wani yaron ma yakan haɗa biyun. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba su da maganin da zai raba shi da abin, sai dai a koya masa zama da mutane. Kuɗin da aka ba su na yara ƙalilan ne, masu kuɗin kuma sun faɗi irin yaran da suke so a bincika, don haka ba kowa ake ɗauka ba. Husaina ta yi ta gyaɗa kai. Ciwo ne amma ba magani, makaranta ce amma sai an ɗebi jini, kyauta ce amma sai an zaɓa. Ita dai ta kasa haɗa kan zancen.

"Akwai mai irin wannan a dangi?"

"Mu dai a namu babu," in ji Rabi'u, tun ba a rufe baki ba.

Husaina ta auna abin a ranta. In ta yi shiru, ƙila a ce yaron ba ya cikin waɗanda ake so. In ta faɗa, ta ɗora wa jininta. Ta dubi idon sawun yaron a kusurwa, siriri, da ɗan farin kaushi.

"Akwai kawuna," ta ce. "Ƙanin innata."

Rabi'u ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. Likita ta yi ta rubutu, tana tambaya, Husaina na ba da amsa da kai a sunkuye. Da aka zo ƙarshe ta yi ƙarfin hali ta jefa tata tambayar, wadda ta daɗe tana cin ta tun ranar da Maman Tobi ta ce yaron da uwarsa ba ta yi masa magana a ina zai koyi magana.

"Likita, rashin yi wa yaro magana yana jawo haka?"

"A'a. Ki cire wannan a ranki. Ba laifin kowa ba ne."

Ta so ta ji sanyi, ba ta ji ba. In ba shirunta ba ne, to jininta ne. Ko ta ina aka biyo, a ƙofarta ake tsayawa.

Aka ɗebi jinin yaron da ƙyar, sai da maigadi ya taimaka, sannan aka ɗebi nata. Likita ta ce saura abu ɗaya, su dawo ranar Alhamis. Za a zaunar da shi yana wasa, uwar ta tsaya a bayansa ta kira shi sau uku, a ɗauka a bidiyo a ga ko zai waiwayo. Kaset ɗin can ƙasar masu kuɗin za a aika.

"Ni in kira shi mana," in ji Rabi'u.

"Ƙa'idar ta ce uwa, don muryarta yaro ya fi sani. Haka ake yi a duk ƙasashen da ake binciken nan. In muka canza ba za su karɓi kaset ɗin ba."

Muryarta yaro ya fi sani! Da ba a gaban mijinta ba ne da Husaina ta yi dariya, ko kuka, ba ta san wanne zai fara fitowa ba.

"Da wane suna?" ta tambaya a hankali.

"Duk wanda ya saba ji. Ki kwantar da hankalinki, ba jarrabawa ba ce."

Amma washegari Maman Tobi ta dawo daga kasuwa da wani labarin. Ta ce wata mata daga unguwar Daurawa ta kai nata ɗan, tana kiran sa ya juyo da gudu ya faɗa jikinta, sai aka ce mata Allah ya ƙara lafiya, nasa ba irin wanda ake nema ba ne.

"Wato in ya amsa ya faɗi?"

"Haka na ji."

"In bai amsa ba ya ci?"

"Ke, ni ma abin ya ɗaure min kai. Amma haka ne."

Wannan wace irin makaranta ce, da sai yaro ya ƙi uwarsa za a buɗe masa ƙofa? Husaina ta wuni tana jujjuya abin har miya ta kama. Ta fara lura da abin da ba ta taɓa kulawa da shi ba: in Rabi'u ya shigo ya ce "Baba", sau da yawa yaron ko gezau, amma wani lokacin yakan ɗan karkato kai. Ranar Laraba ma da magariba ya karkato. Ta idar da salla ta ɗaga hannu, ta tsaya haka nan hannu a sama, ta rasa me za ta roƙa. Ta ce Allah ya sa ɗanta ya ji kiranta? Ko ta ce Allah ya toshe masa kunne? Daga ƙarshe ta shafa ba ta roƙi komai ba.

"Malam, gobe ne," ta ce da ta ajiye masa abinci.

"Na sani."

"Me zan yi?"

Ya daɗe yana wanke hannu. "Ni ban ce ki yi ba, ban ce kar ki yi ba. Inna da tana raye ta ji an ce kin tsaya gaban na'ura kina kiran ɗan fari, ƙattin Turawa na kallo…" Ya girgiza kai. "Kuma ba ki taɓa gaya min maganar kawun nan naki ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Yaya Sani dai na nan tafe. In ba su ɗauke shi ba, kin san sauran."

Da asuba ya ɗauki makullin mota ya fita, bai ce zai raka su ba. Ba mugu ba ne Rabi'u, tsoro ne ya yi masa yawa, ga ɗa ga uba a suna ɗaya.

Ta bar Hadiza a shagon Maman Tobi, suka ƙarasa su biyu, an ɗan yi yayyafi, yaron na tsallake kowane kududdufi da bakin mayafinta a hannu. Aka shigar da su wani ɗaki da babu komai sai tabarma da na'urar bidiyo a kan ƙafafunta uku. Likita ta zube masa tubalan, ya durƙusa ya ba su baya. Ta nuna wa Husaina inda za ta tsaya, ta danna na'urar, wata 'yar jar fitila ta kama.

"Bismilla."

Husaina ta dubi ƙeyarsa. Rabon da ta tsaya ta kalle shi haka, ba a sace ba, tun yana shan nono. Akwai ɗan tabo a bayan kunnensa na hagu, ba ta san yaushe ya same shi ba, ba ta san wa ya yi masa magani ba.

In ta ce Baba, zai iya karkatowa, jiya ma ya yi. Maigidana ba nata ba ne, kuma wannan kam ko a barci ya ji zai tashi. Saura ɗaya. Akwai sunan da bai taɓa ji ba tun yana ɗan kwana bakwai, sunan da ba shi da dalilin sanin nasa ne. Shi ne kuma wanda uwarta, da kakarta, da Inna a kabarinta, za su ce gara ta tuɓe zane a kasuwa da ta faɗe shi. Ta tuna tafiyar Kawu Lawan.

"Abdulmalik."

A shaƙe ya fito, kamar na mai mura. Likita ta ɗago kai da sauri. Yaron ya ɗora jan tubali kusa da shuɗi.

To, abin da ta zo nema ke nan, ya kamata ta ji daɗi. Sai ga shi sunan na barin bakinta duk lissafinta ya rushe. Ashe haka yake da daɗin faɗa! Ashe shekarun nan duk yana nan a ƙarƙashin harshenta. Ta manta da katanga, ta manta da Yaya Sani, ta manta da jar fitilar.

"Abdulmalik!"

Wannan karon da gaske ta kira, kiran uwa, irin wanda ta kasa yi a bakin titin Zariya. Ya karkato mana, ko kaɗan ne. Ya ji ta mana. In ya so a kore su, ta goya shi ta gudu da shi ko'ina ne. Yaron ya gyara wani tubali da ya ɗan kauce daga layi.

Na ukun ya karye a tsakiya. "Abdul… malik."

Ko motsi bai yi ba. Jar fitilar ta mutu.

Dakta Adaora ta daɗe tana kallon ta. "Ba wannan ya saba ji ba, ko?"

Husaina ta goge fuska da mayafi. "Sunansa ne."

"Sunansa ne," in ji likitar, ta rubuta wani abu. "Ranar Litinin ki kawo shi da safe, da ɗan abincinsa. Mun ɗauke shi."

"Don bai amsa ba?"

"Ko ya amsa za mu ɗauke shi, Malama. Tun ranar farko na ga abin da nake nema. Yaron Daurawa da ake ta yaɗawa, kunnensa ne ke ciwo, mun tura shi inda za a duba shi. Ai na ce miki ba jarrabawa ba ce."

"To me ya sa aka sa ni na kira?"

"Masu kuɗin ne ke son gani."

Husaina ta yi godiya, don an koya mata in an yi maka alheri ka gode. Ta fito ba ta san ko ta yi nasara ne ko an cinye ta ba. Ɗanta ya tsira daga mari, wannan kam ta gane. Sauran duk ya cakuɗe mata: ta yi wayo a inda ba a bukatar wayo, ta zubar da kunyar da ta riƙe tun tana amarya, an naɗe a kaset za a kai wa mutanen da ba su san ma kunya ba ce, kuma wanda aka yi dominsa bai san an yi ba. A hanya yaron na biye da ita, riƙe da bakin mayafinta. Ta ɗauki Hadiza, Maman Tobi ta rangaɗa guɗa irin tasu a tsakiyar kasuwa, Husaina ta yi murmushin dole.

Da la'asar gidan ya cika. Matan haya sun fito da murhunansu, Maman Tobi na tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta, Husaina na tankaɗe. Sai ga Rabi'u ya yi sallama, tun rana ba ta faɗi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin zaure da makulli a hannu, yana neman labari a fuskarta. Ta buɗe baki za ta ce an ɗauke shi.

"Abdulmalik."

Daga gindin famfo ya fito, a shaƙe, kamar na mai mura. Muryar mace ce, kuma babu wanda bai gane mai ita ba a gidan nan. Hannun Maman Tobi ya tsaya a cikin tire. Rabi'u ya ji sunan mahaifinsa da muryar matarsa, ya dubi matar, bakinta a buɗe amma ba ita ke magana ba.

"Abdulmalik!"

Yaron bai ɗago ba, marafansa yake jerawa. Husaina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gobe duk layin zai ji, jibi a ji a tasha, in Yaya Sani ya zo shi ma zai ji da kunnensa. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta ƙarfi. Ashe haka muryarta take. Ashe ya ji.

"Abdul… malik."

Har karyewar bai bari ba. Husaina ba ta san wa ke kiran wa ba, ita dai ta ji an yi kira har sau uku a tsakar gida babu wanda ya amsa, kuma ta san zafin wannan.

"Na'am," ta ce.

Yaron ya tsaya da marfi a hannu. Bai waiwayo ba. Ya ajiye shi a ƙarshen layi, ya daidaita shi da ɗan yatsa.

"Abdulmalik," ya ce da muryarta. Ya ɗan saurara, sannan da muryar tata dai ya ce, "Na'am."